Babba Mai Shayi da Mayen Ƙarfe

Tun da soja suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, bakin mutanen Wudil ya buɗe, kuma har yau bai rufu ba. A cikin duk abin da aka faɗa a waɗannan shekaru babu maganar da ta yi tafiya kamar ta Babba mai shayi. Wai mutanen Japan sun zo da jirgi, sun sauka a bayan kara, kasuwar shanu, sun tsaga ƙeyarsa sun dasa masa mayen ƙarfe sun ɗinke. Wai tun daga ranar in ya hau gada sai ƙusoshinta su fara kwancewa, in kuwa ya ratsa rumfar maƙera sai lauje da fartanya su bi shi kamar kaji sun ga mai tsaba. Wata tsohuwa a Achika ta rantse cewa agogon mijinta ya tsaya cak ranar da Babba ya yi masa sallama, alhali mijin nan bai taɓa ɗaura agogo ba tun da uwarsa ta haife shi.

To, ƙarya ce. Babu mutumin Japan da ya taɓa shan shayin Babba, gada tana nan da ƙusoshinta, ƙeyarsa kuma ban da askar wanzami babu ƙarfen da ya taɓa ta. Amma mayen ƙarfe kam akwai shi a labarin, har guda biyu. Japan ma akwai ta, sai dai daga nesa.

A Dagumawa aka haifi Babba, ɗan Malam Auta manomi. Gidansu akwai wani ciwo da ba a son ambatonsa. Mutum zai tashi lafiyarsa ƙalau, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, sai ya doshi arba'in ƙafa ta fara yi masa gardama. Zai riƙa tafiya kamar wanda ke tsaye a cikin kwalekwale, harshe ya yi nauyi, in ya ɗauko ludayin fura sai ya kai wa kunnensa kafin ya sami baki. Wasu suka ce sanyin kogi ne, wasu suka ce iska ce, aka sha rubutu, aka yi turare, aka yi tsaga. Ciwon ya kama kakarsa, ya kama Gwaggo Indo, ya tsallake Gwaggo Talatu, ya sauka a kan Malam Auta. Shekara goma sha ɗaya tsohon ya yi a kan tabarma a zaure, hankalinsa garau, yana kallon ƙafafun mutane suna wucewa gona. Babba ne ke ba shi abinci a baki. Shi ya sa duk duniya babu abin da yake tsoro, ko maciji ko ɗan sanda, kamar tabarmar zaure.

Tun yana ƙarami mutum ne mai tambaya. Ya taɓa kwance rediyon babansa don ya ga ta inda mai labarai yake shiga. A aji huɗu ya bar firamare, kuma masu ƙari suna cewa malamin ne ya roƙe shi ya tafi, don tambayoyinsa sun fi albashin yawa. Da ya girma ya shigo Wudil ya kafa tebur a bakin tasha. Da aka buɗe sabuwar jami'a, shekara biyu bayan komawar soja bariki, sai ya ja teburinsa zuwa bakin titi kusa da ƙofarta, inda zai tari direbobi ya kuma tari malamai.

Shayinsa shayi ne kamar na kowa, ganye da madara da sukari. Abin da ya fitar da shi daban shi ne sheƙa. Kowane mai shayi yana juya shayi daga kofi zuwa kofi don ya huce ya yi kumfa, amma Babba sai ya ɗaga hannun dama har ya wuce hularsa, ya sauke na hagu har gwiwa, shayin ya zubo siriri kamar igiya, ko ɗigo ba ya faɗuwa ƙasa, shi kuwa yana kallon wani wajen yana ba da labari. Direbobin hanyar Maiduguri sukan wuce tebur biyar su tsaya a nasa don kallon nan kawai. An ce wani Bagwandare ya taɓa shan kofi huɗu ba don yunwa ba.

Yana da shekara talatin da takwas igiyar ta fara karkacewa. Da farko ɗigo ne a kan tebur, ya goge ya ce iska ce. Sannan ya lura in zai tsallake kwata sai ya tsaya ya yi shawara da ƙafarsa. Wata safiya ya ɗaga hannu kamar kullum, hannun ya yi nasa ra'ayin, tafasasshen shayi ya sauka a cinyar wani direban motar shanu. Mutumin kirki ne, bai yi zagi ba, ya yi tsalle ɗaya, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tafi yana ɗingishi. Da Babba ya koma gida ya zauna gaban matarsa Barakatu, mai ɗinkin hula, ya rantse mata cewa in ya sake ƙona wani bawan Allah, ranar zai naɗe teburin. Barakatu ta ci gaba da ɗinkinta, amma ta san inda mutum yake zuwa a gidan su Babba in ya naɗe sana'a.

Daga nan ya rage tsawon sheƙar, amma duk da haka rabin shayin a tire yake ƙarewa. Masu shan shayi suka koma can ƙarshen benci suna cunkushewa, gefen da ke kusa da shi ya zama fili. Mutum ɗaya ne yake zama a filin nan, wato Ya'u ɗan Gwaggo Talatu. Taubashinsa ne, ɗan mace da ɗan namiji, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa, kuma al'ada ta ba su lasisin faɗa wa juna abin da in wani ya faɗa sai an je gaban alƙali. Ya'u yakan zauna ya ce a ba shi shayi kofi ɗaya, rabi a kofi rabi a wando, kamar yadda ake yayi yanzu.

A cikin masu karyawa a teburin akwai Malam Elisha, mutumin Kaltungo, wanda yake kula da kayan gwaje-gwajen lantarki a jami'a. Mutum ne mai sanyin magana, kullum da biro uku a aljihu. Matarsa Tabita, wadda ake kira Maman Kyauta, ma'aikaciyar jinya ce. Shi kaɗai ne bai taɓa gajiya da tambayoyin Babba ba, har yakan zana masa amsa a bayan takardar naɗe burodi. Wata rana bayan doguwar gaisuwa, an tambayi gida da aiki da gajiya da Kyauta da makarantarta, sai ya tambayi Babba a hankali ko akwai wani a danginsu da ya yi irin wannan tafiyar. Babba ya dube shi, ya dubi titi, sannan ya lissafa masa su duka.

Bayan mako biyu Elisha ya dawo daga Kano da takarda shafi biyu da ya buga a shagon intanet. Ya jira mutane suka ragu, ya shimfiɗa ta kusa da kwanon ƙwai, ya yi bayani. Ya ce a ƙeyar mutum akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa, ita ce mai daidaita tafiya da kai hannu inda aka nufa, kuma a wasu gidajen takan lalace ta hanyar gado. Ya ce wasu likitoci a Japan suna gwada wani abu: ana naɗa waya kamar gammo, a ɗora a ƙeyar mara lafiya, a saki wuta a cikin wayar bugu ɗaya bugu ɗaya, sai ƙarfin maganaɗisu ya ratsa ƙashi ba tare da an tsaga ba, ya zunguri wajen. Kullum ake yi har kusan mako uku. Wasu tafiyarsu ta ɗan gyaru. Ya maimaita sau biyu cewa gwaji ne, ba warkewa ba ce, kuma na'urar babu ita a nan kusa.

Babba bai ji maimaicin ba, don tuni tambayoyi suka cika masa baki. Da zafi? Yana ƙara? In yana ratsa ƙashi, me ya hana shi ratsa mutum ya fita ta goshi ya sami likitan? In an yi wa mai sanƙo ya fi shiga? Sannan ya ce shi ya san in aka ajiye kaset kusa da mayen ƙarfe waƙar gogewa take yi.

"To wanda ya haddace izu goma fa, Malam Elisha? Ba za ta share masa ba?"

Elisha ya juya takardar gaba da baya, ya ce ba su rubuta cewa wani ya manta komai ba, amma shi ba likita ba ne, ba zai ɗauki alhaki ba. Wannan amsar ta ƙara masa daraja a idon Babba, don ya ce mai ilmin da yake cewa ban sani ba shi ne na gaske.

Abin da Elisha bai sani ba shi ne, da azahar ɗin ranar Babba yana rumfar mai gyaran rediyo. Ya samo mayen ƙarfe biyu daga cikin matattun lasifikoki, baƙaƙe, kowanne kamar waina. Ya kai wa Barakatu ya ce ta ɗinka masa aljihu a cikin hula ta wajen ƙeya. Ta tambaye shi ko laya ce, ya ce ta Japan ce. Ta ɗinka, har da zare mai kyau. Hular ta yi nauyi, tana ta zamewa baya, sai ya riƙa tafiya da haɓa a sama kamar sabon kansila. Kwana shida yana sanye da ita, kullum da safe yana taka layin siminti a tsakar gida ya ga ko ƙafa ta shiryu. Wata rana ya ga kamar ta shiryu, washegari ya ga kamar ta ƙara lalacewa.

Rana ta bakwai ya tsaya sallar la'asar a ƙaramin masallacin bakin titi. Da aka yi ruku'u hular ta sulluɓe ta gangara gaba, ta tsaya daidai inda wani ɗan acaɓa ya ajiye makullin babur ɗinsa. Aka sallame, Babba ya ɗauki hularsa ya kifa ya fita. Ɗan acaɓa ya laluba bai ga makulli ba. Aka ɗaga tabarmi, aka zazzage takalma, har an fara kallon juna, sai wani ya hango Babba can yana tangaɗi zai tsallaka titi, makulli yana lilo a ƙeyarsa. Aka bi shi aka cire, aka mayar, ya sake mannewa. Aka kawo cokali, ya manne. Kafin magariba labari ya kai Utai, kuma a hanya ne ya sami jirgin sama da ƙusoshin gada.

Da Elisha ya ji, ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya nemi gafara ya zauna ya sake bayani. Ya ce mayen ƙarfen lasifika kamar ruwan tafki ne, yana kwance, ba ya tura komai. Na likitocin kuwa bugu yake yi, ya zo ya ɗauke cikin ƙiftawar ido, kuma wannan zuwa da ɗaukewar ita ce aikin. Babba ya gyaɗa kai, ya yi tunani, ya ce to ai janareto ma bugu yake yi, kuma akwai wani mai walda da ya sani. Nan Elisha ya daina dariya. Washegari da sassafe Maman Kyauta da kanta ta zo teburin da kayan aikinta a jiki, ta ce in ta ji ya kusanci wayar wuta da kansa, ita da Barakatu za su ɗaure shi a turken akuya. Ta ce ranar Talata ya shirya za su Kano ganin likita.

Likitan Kano ya sa shi ya taɓa hancinsa ya taɓa yatsan likita, ya yi tafiya a kan layi, ya faɗi wasu kalmomi da sauri. Ya tambayi tarihin gida. Ya ce ciwon gado ne, ba iska ba, ba sanyin kogi ba, kuma babu maganin da yake cire shi, sai dai motsa jiki da dabarun zama da shi. Da Babba ya zaro takardar Elisha, likitan ya karanta ya ce shi ma a takarda ya san na'urar, bai taɓa ganinta da ido ba. Babba ya yi masa tambaya goma sha tara, Maman Kyauta ta ƙirga. Wadda bai yi ba ita ce ko 'ya'yansa za su gada, ya bar wa Allah.

Ya dawo gida jiki a sanyaye. Ya farke aljihun hular, ya zauna yana jujjuya baƙaƙen ƙarafan a hannu. Sai ya ce wa Barakatu, shi fa ba ƙeyarsa ce take zubar da shayi ba, hannu ne. Ta ɗinka masa 'yan jakunkuna biyu masu igiya, ya ɗaura ɗaya a kowane wuyan hannu, ya ɗauko kofuna biyu da ruwan sanyi ya gwada a tsakar gida. Hannun ya yi rawa, amma rawar ta ragu. Ya sake, ta ragu. Ya fita ko takalmi bai saka daidai ba, ya je ya gaya wa Elisha cewa Japan ta yi aiki, kuskurensu ɗaya ne, wajen ɗorawa.

Elisha bai so ya kashe masa murna ba. Maman Kyauta ce ta ce ita tana zaton nauyin ne, don ta taɓa ganin ana ɗaura wa masu rawar hannu abu mai nauyi. Babba ya ce zato ba hujja ba ne. Ya kwana biyu yana tunani, sannan ya fito da tsarinsa. Ya sa aka ɗebo masa yashin kogi, ya je wajen mai awon nama aka auna daidai nauyin ƙarafan. Barakatu ta ɗinka jakunkuna huɗu iri ɗaya, ta cusa auduga yadda hannu ba zai gane na ciki ba, biyu da ƙarfe biyu da yashi. Kowace safiya ita za ta zaɓa ta ɗaura masa ba tare da ta faɗa ba. Ya sheƙa ruwa sau ashirin a kan tire, abin da ya zube a juye a gwangwanin madara, a yi zane da ƙusa. A rana ta biyu ta kama shi yana matsar da hannu kusa da cokali don ya gane, sai ta kwashe duk wani ƙarfe na gidan ta kai ɗakin maƙwabciya, har da almakashinta.

Kwana goma aka yi, har da rana ɗaya da bai ɗaura komai ba. Da aka jera zanen, na ƙarfe da na yashi kusan a wuri ɗaya suka tsaya, na ranar da bai ɗaura komai ba kuwa yana can sama. Babba ya daɗe yana kallon gwangwanin. Barakatu ta zaci ransa ne ya ɓaci, sai ta ji ya ce, to me ya sa nauyi yake kwantar da hannu, kuma in an ƙara yashin zai ƙara kwantawa ko gajiya zai yi? Ya ɗauki gwangwanin ya kai wa Elisha, shi kuwa ya roƙe shi ya bar masa zai nuna wa ɗalibai.

Yashin ya zaɓa, don shi ba ya jan wuƙar burodi. Ya kuma sa kafinta ya ɗaga masa teburin, yadda zai dafa gwiwar hannun hagu a kai. Amma duk wannan da ruwan sanyi aka yi shi a tsakar gida. Rantsuwarsa tana nan, kuma tafasasshen shayi a gaban mutane wani abu ne daban. Ya sa ranar Juma'a, ranar kasuwa, lokacin da motocin shanu suke cika titi.

Da hantsi benci ya cika, kowa ya matsa can ƙarshe kamar yadda aka saba. Elisha yana tsaye da biro ukunsa. Sai ga Ya'u ya iso da lema, ana rana tarwai, ya zauna a filin da ke gaban Babba, ya buɗe ta ya kare cinyoyinsa, ya ce bawansa ya zuba masa mai kauri, ya riga ya yi sallama da iyali. Babba bai kula shi ba. Ya naɗe hannun riga, jakunkunan yashi suka bayyana, ya kafa gwiwar hannu a tebur, ya yi bisimilla. Bai ɗaga har hula ba, iyakarsa kafaɗa. Igiyar shayin ta zubo, ta ɗan yi lanƙwasa a tsakiya kamar za ta canza shawara, ta faɗa cikin kofi. Ya mayar, ya sake, ya sake, har kumfa ta taso. Ɗigo uku ne suka faɗa a tire. Ya tura wa Ya'u kofin, ya juya ya tambayi na gaba me za a haɗa masa. Wani direba ya taso daga ƙarshen benci ya dawo tsakiya.

Babba ya san yashi ba magani ba ne. Ƙafar tana nan da gardamarta, har ya fara riƙe sanda in zai je masallaci, kuma bai san shekara nawa hannun zai ba shi ba. Takardar Elisha tana cikin leda a ƙarƙashin gwangwanin sukari, duk wanda ya dawo daga Kano da alamar boko sai ya tambaye shi ko an kawo na'urar. Amma teburin yana nan a bakin titi, ba a naɗe ba.

Ya'u ya rufe lemarsa ya kurɓi shayin, ya ce ba laifi, sai dai yana jin ƙasa-ƙasa a ciki. Ya ce shi yanzu shawararsa a haɗa kai a kai Babba Japan ɗin, a jona masa wuta a ƙeya a huta, ko ya dawo yana kama tashoshin waje. In ana neman ɗan rakiya, shi zai daure ya bi shi, in ya so a ɗan jona masa shi ma ya ji yadda take.

Babba yana yanka burodi, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ni in an je, akwai abin da za a jona wa, bawana. Kai kuwa mako ukun nan duk a nema za su ƙare."